Tsarabar da Ba a So: Darasi a Kan Cututtukan Ciki da Matafiyi Kan Ɗauko a Abinci da Ruwa

Nassosin karatu: Maimaitawar Shari'a 23:12-14, Ayyukan Manzanni 28:7-10, 1 Timoti 5:23, 3 Yahaya 1-8.

Manufar darasi: Mai karatu ya san manyan ƙwayoyin cuta da tsutsotsin da ke shiga hanji ta abinci da ruwa, ya gane hanyar da suke bi, ya kuma ga cewa tare wannan hanya hakki ne da ke wuyan baƙo da mai masauki baki ɗaya.

Gabatarwa

Ikkilisiya jama'a ce mai yawan tafiya. Da zarar an gama girbi hanyoyi sukan cika da masu bi: mata masu zuwa babban taron zumunta, matasa masu zuwa taron sabon rai, masu bishara da ke shiga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, da ma'aikata da ɗalibai masu komawa gida domin Kirsimati, ko aure, ko jana'iza. Kowannensu yakan ci abin da ya samu a tasha, ya sha ruwan da aka miƙa masa a masauki. Yawancinsu sukan dawo lafiya. Amma akwai wanda zai dawo, sai bayan mako biyu ko uku cikinsa ya fara murɗawa, zawo ya ƙi tsayawa, jiki ya yi ta ramewa. Da yake ciwon bai zo nan da nan ba, ba ya tuna ruwan rafin da ya sha a hanya. Sai ya ce taifot ne, ko shawara, ko kuwa an ba shi sammu a garin da ya je. Irin wannan zargi yana iya raba dangi, ya kuma sa a tsani gidan da ya karɓi baƙo da zuciya ɗaya, alhali kuwa abin da ya jawo ciwon sananne ne, yana da magani, ana kuma iya hana shi.

1. Hanyar da cutar take bi

Masu kawo wannan ciwo kashi biyu ne. Kashi na farko halittu ne ƙanana ƙwarai waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kashi na biyu tsutsotsi ne, waɗansunsu ma har a kan gan su a bayan gida. Ko da yake sun bambanta, hanyarsu kusan ɗaya ce: sukan fita daga jikin mai ɗauke da su cikin bayan gida, su koma jikin wani ta baki. Ruwan sama yakan kwashe ƙazantar da aka yi a daji ya zuba a rafi ko rijiyar da ba ta da murfi. Ƙuda yakan taka ta ya sauka a kan tuwo. Hannun da ba a wanke da sabulu ba yakan dama fura ko ya yanka kabeji. Lambun da ake ba ruwan kwata yakan kawo latas mai kyan gani kasuwa. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a shekarar 2021 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 48 a Nijeriya suna yin bayan gida a fili. Wannan kaɗai ya isa ya nuna faɗin hanyar.

Ya kamata a bambanta su da zawon da ke kama matafiyi cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda yawanci ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo shi, yakan kuma lafa cikin 'yan kwanaki. Waɗanda ake magana a kansu a nan sukan yi jinkirin bayyana, su kuma daɗe. Zawon da ya wuce kwana 14 bayan tafiya ya kamata ya sa a yi zatonsu.

2. Ƙananan halittu uku

Ta farko ita ce jardiya. Wani mutumin ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara ganinta a shekarar 1681 da madubin da ya haɗa da hannunsa. Takan fita daga jiki cikin ɓawo mai tauri wanda ke iya yin watanni a ruwa mai sanyi bai mutu ba, kuma haɗiye guda 10 kacal yana iya kawo ciwo. Alamunta sukan bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu: zawo mai maiƙo da mugun wari, kumburin ciki, yawan tusa, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da kasala. Takan manne a bangon ƙaramin hanji ta hana jiki cin moriyar abinci, shi ya sa mutum yakan rame ko da yana ci. Ga yara kuwa tana iya tauye girma.

Ta biyu ita ce amiba, wadda ke kawo wani nau'in atuni. Likita Fedor Lösch ne ya bayyana ta a birnin San Pitasbag na ƙasar Rasha a shekarar 1875. Takan ci bangon babban hanji, sai a ga bayan gida da jini da majina, tare da murɗar ciki da yawan yunƙuri. Alamun sukan zo bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye da haka. Daga cikin mutum 10 da suka kamu, ɗaya ko biyu ne kawai sukan yi ciwo. Sauran suna yawo lafiya ƙalau amma suna baza ta, har da masu dafa abinci. Babban haɗarinta shi ne tana iya bin jini ta kai hanta ta tara mugunya a can, ko bayan watanni da tafiyar. Zazzaɓi tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama alama ce da ba a wasa da ita.

Ta uku ita ce kiriftosforidiyam, wadda ake gajarta sunanta a ce kirifto. Tana kawo zawo tsantsar ruwa bayan kwana 2 zuwa 10. Ana samunta a jikin mutane da na dabbobi, musamman maruƙa, saboda haka tafkin da shanu ke sha wuri ne na haɗari. Mai ƙarfin jiki yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu, amma ga jarirai da masu fama da cutar ƙanjamau tana iya kai ga mutuwa. Abin lura game da ita shi ne maganin kulorin da ake zubawa a ruwa ba ya kashe ta yadda yake kashe sauran. A shekarar 1993 ta shiga ruwan famfo na birnin Milwoki a Amurka, mutane kimanin 400,000 suka kamu. Ashe ba ruwan ƙauye kaɗai ne abin tsoro ba.

3. Tsutsotsi biyu

Macijin ciki shi ne wanda aka fi sani. Tsawonsa yana iya kai santimita 35, macen kuma tana iya yin ƙwai kimanin 200,000 a rana guda. Ƙwan yakan nuna a cikin ƙasa, yana kuma iya yin shekaru a can da rai, har ya shiga baki ta ganyen da ba a dafa ba, ko 'ya'yan itacen da aka tsince a ƙasa, ko farcen da ya tara datti. Bayan an haɗiye shi, 'ya'yan sukan bi jini su ratsa huhu, inda sukan kawo tari, kafin su koma hanji su girma cikin wata biyu zuwa uku. Idan sun yi yawa a cikin yaro sukan dunƙule su toshe hanji, har ya zama sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake samu ta ƙasa, macijin ciki kuwa yana cikin manyansu.

Ta biyu ita ce tsila, wadda ake ɗauka ta naman da bai dahu ba. Ta naman shanu takan kai mita da dama a cikin hanji, mutum yakan kuma ga gutsattsarinta farare, masu faɗi, suna motsi a bayan gida ko a wando. Tsire da balangun da wuta ta ƙona bayansu amma cikinsu da sauran ja su ne ƙofarta. Ta naman alade ta fi haɗari, wannan kuwa ya shafi yankunan da ake kiwon aladu ana barinsu suna yawo. Wanda ya ci naman da bai dahu ba yakan sami tsilar a hanjinsa. Amma wanda ya haɗiye ƙwanta, daga hannun mai ɗauke da ita ko daga ruwa, 'ya'yanta sukan bi jini su zauna a tsoka, ko ido, ko ƙwaƙwalwa, ko da bai taɓa cin naman alade ba. Idan sun zauna a ƙwaƙwalwa sukan kawo ciwon kai mai tsanani da farfaɗiya, wani lokaci bayan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa da wannan tsila ta yi katutu, ita ce sanadin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Saboda haka idan babban mutum ya fara faɗuwa alhali bai taɓa yi ba, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, kada a yi saurin cewa aljanu ne.

4. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa da ke sansani su keɓe wuri a bayan zango domin zagayawa, kowa ya riƙe abin tono cikin kayansa, ya haƙa rami, ya kuma rufe abin da ya fito daga jikinsa. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu, dole zangon ya zama da tsarki. An ba da wannan umarni dubban shekaru kafin a ƙera madubin likita, duk da haka ya toshe ainihin hanyar da aka bayyana a sama. Darasin a fili yake: wurin da jama'ar Allah suka sauka, har da bayan filin taro, yana cikin abin da Allah yake dubawa.

A Ayyukan Manzanni sura 28, mahaifin shugaban tsibirin Malita yana kwance da zazzaɓi da atuni. Luka, wanda likita ne, ya kira ciwon da sunansa, Bulus kuma ya yi addu'a ya ɗora masa hannu, ya warke. Sanin sunan ciwo bai rage ikon addu'a ba. Haka kuma, da Timoti yake fama da ciki da yawan laulayi, Bulus bai zarge shi da ƙarancin bangaskiya ba, sai ya ba shi shawara a kan abin da zai riƙa sha, bisa ga sanin zamaninsu. Ayar ba izinin shaye-shaye ba ce, barasa kuma ba ta kashe tsutsar ciki. Abin koyi shi ne manzon ya ɗauki lafiyar cikin ma'aikacin Allah da muhimmanci.

Akwai masu cewa tun da an yi addu'a a kan abinci, ba abin da zai sami mai ci. Gaskiya ne mai bi yana karɓar abinci da godiya, Allah kuma mai iko ne ya kāre nasa. Amma lokacin da Shaiɗan ya nemi Yesu ya faɗo daga kan Haikali don mala'iku su tare shi, Ubangiji ya ƙi, gama yin haka gwada Allah ne. Wanda yake da itace da tukunya amma ya ƙi tafasa ruwan kududdufi, ya bincika ko bangaskiya ce yake nunawa ko ganganci. Waɗansu kuma sukan kawo Markus sura 7, inda Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan wankin hannu. Batun can al'adar tsarkakewa ce da suka ɗora bisa umarnin Allah, da kuma abin da ke ƙazantar da zuciya. Ba a hana sabulu a wurin ba.

5. Hakkin matafiyi

Ruwa: tafasawa ita ce hanya mafi tabbaci. Idan ruwa ya yi ta ɓararraka har minti ɗaya, dukan waɗannan halittu sun mutu. Alam da garin 'ya'yan zogale sukan kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba su isa su kashe cuta ba. Tacewa da ƙyalle tana cire datti, amma jardiya da kirifto sukan wuce ta cikinsa. Maganin kulorin yana da amfani idan an bi ma'auninsa aka jira minti 30, sai dai bai isa ga kirifto ba. Mai sayen ruwan leda ko na gora ya duba lambar NAFDAC, ya ga ba a huda ko an buɗe ba, ya kuma wanke bakin ledar kafin ya sa a baki. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, saboda haka zoɓo da kunun zaki masu sanyi lafiyarsu tana ga irin ruwan da aka haɗa su da shi.

Abinci: a zaɓi wanda aka sauke daga wuta ana gani, yana tururi. A guji wanda ya daɗe a buɗe ƙuda na bi. Lemo, ayaba da gwanda, mutum ya ɓare da kansa. Ɗanyen latas da kabeji da kwaɗon da ba a san wanda ya haɗa ba, gara a haƙura da su a hanya. Nama kowane iri ya dahu har ciki, ba sauran ja.

Hannu: a wanke da sabulu da ruwa mai zuba, na tsawon daƙiƙa 20, bayan zagayawa da kafin cin abinci. Kwano ɗaya da mutum goma za su tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne, raba datti ne. Man goge hannu na kwalba ba ya kashe kirifto, don haka guntun sabulu ya shiga jaka tare da Littafi Mai Tsarki.

A nan akwai wata matsala ta gaske ga mai bishara. A al'ada ruwa ne farkon abin da ake tarar baƙo da shi, ƙin karɓa kuwa yana iya rufe ƙofar da aka daɗe ana addu'a ta buɗe. A Luka sura 10 ma Ubangiji ya umarci waɗanda ya aika su ci su sha abin da masu gida suka ba su. Hikima ita ce a karɓa da hannu biyu, a yi godiya, sa'an nan a faɗi gaskiya cikin ladabi: "Mama, na gode ƙwarai. Cikina ba ya jure baƙon ruwa, ko za a taimake ni da mai zafi?" Da wuya uwar gida ta ji haushin wannan. Tuwo da miya masu zafi kuwa a ci a yaba. Idan zumunci ya yi ƙarfi, mai bisharar ya koya wa gidan tafasa ruwa, gama ruwan da ke kwantar da baƙo shi ne yake tsotse yaran gidan a hankali.

6. Hakkin mai masauki da masu shirya taro

Manzo Yahaya ya yaba wa Gayus saboda yadda yake karɓar 'yan'uwa matafiya, ya kuma roƙe shi ya sallame su yadda ya cancanci masu hidimar Allah. Sallamar da ta cancanta ba za ta haɗa da atuni ba. Mai gida ya tafasa ruwan baƙo, ya rufe randa, ya keɓe moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita.

Masu shirya babban taro kuwa nauyinsu ya fi. Sau da yawa akan kashe kuɗi a kan rumfa da lasifika da anko, a bar masai sai daren ƙarshe. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne masai ɗaya ga mutum 20, a lokacin gaggawa kada ya wuce ɗaya ga mutum 50, ya kuma yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. A raba na mata da na maza, a sa fitila domin dare, a ajiye buta da sabulu a bakin kowanne. A naɗa kwamitin ruwa da tsabta kamar yadda ake naɗa na kuɗi. Duk wanda ke zawo kada ya shiga madafa, komi ƙwazonsa. Masu kiwon aladu su killace su, kada su kai ga bayan gidan mutane.

7. Idan ciwo ya kama

Abin da ke saurin kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi garin gishiri da sukari na leda da ake samu a asibiti. In babu, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. Yara a ci gaba da ba su nono da abinci, tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14.

A garzaya asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai da ya hana shan ruwa, ko idanu sun faɗa fitsari ya ɗauke. Haka nan idan zawo ya wuce mako biyu, ko mara lafiyar jariri ne, tsoho, mai ciki, ko mai cutar ƙanjamau. A gaya wa likita inda aka je da abin da aka sha, a yarda a gwada bayan gida, ko da za a maimaita gwajin, gama ba kullum ake ganin ƙwan a karo na farko ba.

Kowace cuta da nata magani. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yana aiki a kan jardiya da amiba, amma ba ya kashe macijin ciki, ba a kuma haɗa shi da barasa. Mai amiba yana bukatar magani na biyu domin share waɗanda suka rage a hanji. Albendazol da mebendazol su ne na macijin ciki, ba a ba mace a wata uku na farkon ciki. Maganin tsila sai da umarnin likita. Mai zawon jini kada ya sha ƙwayar tsayar da zawo. Wanda ya fara magani ya ƙarasa shi, ya kuma kula da wankin hannu a gida, domin kada tsarabar ta kai ga yara.

Kammalawa

Wanda yake ganin waɗannan cututtuka ba su da iyaka ya tuna da kurkunu, wanda shi ma ta ruwan sha ake ɗauka. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu fama da shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura aka yi ba, ba kuwa ƙwaya aka sha ba. Mutane ne suka koyi tace ruwa, suka hana mai ciwon shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi, shugabanni irin su Janar Yakubu Gowon suka bi ƙauyuka suna faɗakarwa. An ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Ikkilisiya tana da abin da aikin nan yake bukata: jama'a masu taruwa kowane mako, da shugabannin da ake jin maganarsu. Jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, mai bisharar da atuni ya kwantar kuwa ba zai kai ƙauye na gaba ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta waɗanne hanyoyi ƙazanta take kaiwa bakin mutum? Wacce ta fi yawa a wannan yanki?
2. Me ya sa ake saurin zargin sammu idan ciwon ciki ya biyo bayan tafiya? Yaya dattawa za su taimaki iyalin da irin wannan zargi ya shiga?
3. Mene ne bambancin dogara ga Allah da gwada Allah a batun ci da sha?
4. A taron da ya wuce, masai nawa aka tanada, mutum nawa kuma suka halarta? Me za a gyara kafin taro mai zuwa, wa kuma zai ɗauki nauyin?

Abin addu'a

A yi addu'a domin masu bishara da iyalansu da ke zaune a wuraren da ba ruwa mai kyau, domin marasa lafiya da ma'aikatan asibiti, da kuma domin shugabannin ikkilisiya, Allah ya ba su hikimar kula da jiki da ruhun garken da ya danƙa musu.